Anti Laburare da Littafi Mai Jan Bango

Kafin mai gadi ya gama share bakin ƙofar makaranta, Anti Laburare ta iso. Haka yara ke kiranta, mu ma malamai a bakinsu muka tsinta, har ya kai in aka ambaci sunanta na gaskiya a taro sai an ɗan yi waige-waige a ga wa ake nufi. Jaka a kafaɗa, mukullai a hannu, takan wuce ta gaban ajina ta ɗaga mini hannu ba tare da ta rage sauri ba, don a wurinta hira kafin a buɗe tagogi ɓata lokaci ne. Ni malamin lissafi ne, kuma tagar ajina tana kallon ƙofar laburaren makarantarmu. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a nan ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Tana shiga sai tagogi. Daga nan ta ɗauko tsohon tawul ta bi kantoci, ta miƙar da littafin da ya kwanta, ta mayar da wanda ya yi ɓatan kai wurin 'yan uwansa. Sannan ta zauna a teburinta na jikin taga, inda kwalbar gam da almakashi da zare da allura ke jiranta, ta shiga jinyar waɗanda suka dawo da rauni. Littafin da yara suka yi wa kaca-kaca, wanda ni da kai za mu ce a jefa kwandon shara, ita sai ta ɗinke masa baya, ta yi masa sabon bango da kwalin sabulu, ta danne shi da ƙamus har ya bushe. Takan shinshina littafi ta ce wa wanda ya dawo da shi, "Wannan a kicin aka karanta shi, ko?" Yaro ya yi tsuru-tsuru. Ita kuwa ba faɗa za ta yi ba, daɗi ma take ji an karanta. A duk shekarun da na yi a makarantar nan ban taɓa jin ta daka tsawa a ɗakin ba. Ta saman tabarau take kallon mai surutu, kuma kallon ya ishe shi.

Shekarun baya ta yi ritaya, bayan shekara talatin da 'yan kai. An yi mata ɗan taro a ɗakin malamai, an sha lemo, an ba ta agogon bango. Masu jawabi suka yi ta cewa mace ce mai haƙuri, mai biyayya, ba ruwanta da hayaniya. Ina zaune raina yana tafasa. Haƙuri kam akwai shi, amma matar nan ta fi duk wanda ke ɗakin taurin kai, kuma taurin kan nan shi ne abin da ya kamata a yaba. Babu wanda ya ambaci cewa ba a laburare ta ƙarasa aikinta ba. A wani lungu ƙarƙashin matattakalar bene ta ƙarasa shi, gaban injin fotokwafi, saboda wani littafin matasa. Tunda su sun haɗiye maganar, ni zan faɗe ta.

Sai na fara da kujerar, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Kusa da teburinta akwai wata kujerar katako mai matashi, yara ba sa zama a kanta. Ta masu ƙorafi ce. Duk uban da ya zo a fusace, ko uwar da ta zo da littafi a hannu tana cewa wannan bai dace da ɗanta ba, Anti takan tashi ta tarbe shi da girmamawa, ta kawo ruwa mai sanyi, ta nuna masa kujerar. "Zauna, Baba, ka karanta shi har ƙarshe. In ka gama ka ce a cire, ni da kaina zan riƙe maka shi mu je wurin shugaba." Kada a ɗauka dabara ce ta korar mutane. An sha zama a kujerar nan a gama a ce a cire, ita ma ta duba ta ga gaskiya ne, littafi ya sauka daga kanta ba tare da an ji kansu ba. Abin da ba ta yarda da shi ba guda ɗaya ne, a yanke wa littafi hukunci daga bango ko daga ji-ta-ji-ta.

Ana nan sai wani littafi ya zo cikin kwalin sababbi. Bangonsa ja ne, da hoton inuwar yarinya a jikin gilashin mota, shi ya sa yara suka manta sunansa suka koma ce masa Mai Jan Bango. Labarin wata 'yar shekara goma sha shida ne da ƙawarta ta ɓace a hanyar dawowa daga darasin yamma. Manya suka ce guduwa ta yi. Yarinya ta ƙi yarda, ta shiga bincike ita kaɗai, har sawu ya kai ta ga wani dattijo da kowa ke girmamawa a unguwa, mai yawan rage wa yara hanya a motarsa. Ta faɗa wa uwarta, aka ce ta yi wa mutane shiru. Ta faɗa wa malaminta, ya ce ta cika kallon fim. A ƙarshe ba a ga ƙawar ba, shi kuma dattijon ya tattara ya koma wani gari da mutuncinsa.

Kafin sati ya zagayo makaranta ta ɗauka. Yaran da ban taɓa ganin ƙafarsu a ƙofar laburare ba suka shiga layi, har da gaggan 'yan bayan aji masu barci a darasina. In an fita shan iska, ta taga nake jin muhawara. Wata rana wata doguwar yarinya 'yar ajin ƙarshe ta dire littafin a teburin Anti, idonta jawur.

"Anti, wallahi marubucin nan mugu ne! Na hana kaina barci a kansa, ƙarshe mutumin ya tafi abinsa? Ba ɗauri, ba komai?"

Wani yaro a bayanta ya ce, "Ke dai faɗi gaskiya, labarin ƙarya ne. Wace yarinya ce za ta ɓuya a but ɗin mota ba ta yi ko tari ba?"

"Kai ka yi shiru, kai da ko littafin firamare ba ka taɓa gamawa ba."

"To ai wannan na gama shi."

Wata 'yar siririya da ba ta cika magana ba ta ce a hankali, ita ƙarshen ne ma ya fi yi mata, don haka abin yake faruwa a gaske. Nan aka yi mata caa. Anti tana ta shafa gam, ba ta raba su ba, sai da murya ta fara tashi ta ɗago ta saman tabarau.

Mu ma manya ba mu tsira ba. Ni a ƙarƙashin benci na ƙwace shi a hannun wani yaro ina tsakiyar darasi, na tafi da shi gida da niyyar in ga abin da ya fi lissafi daɗi, sai ga ni matata tana kiran abinci ina cewa saura shafi kaɗan. A ɗakin malamai, malamin adabi ya ce yaren titi ne, babu zurfi, babu ado, ko kusa ba zai kira shi adabi ba. Malamar kimiyya ta ce ita dai ta yi kuka, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Malamin horo ya yi ƙorafin cewa tun da littafin ya shigo, in ya tsaya zai rage wa yaro hanya sai ya ga ana masa kallon gefen ido. Muka yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa bai ga abin dariya ba.

Na tambayi Anti ra'ayinta, ina zaton za ta yabe shi. Ta yamutsa fuska. "Malam, tsakiyarsa ja take kamar cingam. Kuma sa'a ta yi wa yarinyar nan yawa, duk ƙofar da ta taɓa a buɗe take. Da ni aka ba in duba kafin a buga, da rabin tsakiyar ya sha almakashi." A riƙe wannan da kyau. Matar da ta rasa ɗakinta saboda littafin nan, littafin bai ma burge ta ba.

Rigima ta taso ne daga bakin titi. Wata rana bayan an tashi, aminin Ciyaman, wato shugaban ƙungiyar iyaye, ya ga 'yar Ciyaman ɗin tana tafiya a rana, ya tsaya zai rage mata hanya. Yarinya ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta gode, za ta ƙarasa a ƙasa. Mutumin ya ji ciwo, kuma ban ga laifinsa ba, tun tana zanen goyo ya san ta. Ya kai ƙara wurin uban. Aka bincika jakar yarinya, aka ga Mai Jan Bango. Kafin yamma hotunan shafi biyu sun zagaye wayoyin iyaye: inda yarinyar labarin ta ɗaga wa dattijo murya, da inda ta buɗe kwaɗo da fil ɗin gashi. Washegari Ciyaman ya shigo laburare ko sallamar kirki babu. Na bar yara da aiki a allo na leƙa.

"Ke ce kike raba wa 'ya'yanmu wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Sannu da zuwa. Ga ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Littafin da ke koya wa yara zargin iyayensu da fasa kwaɗo, yau zai bar makarantar nan."

"To, ranka ya daɗe. Ga kujera, ga littafin. In ka kai ƙarshe ka ce a cire, ni zan riƙe maka shi zuwa ofis."

Ya kalli kujerar, ya kalle ta. "Ni? Da girmana in zauna karatun tatsuniyar yara? Abin da na gani a waya ya ishe ni."

"Shafi biyu ka gani. Ni kuma ba na sauke littafi a kan shafi biyu."

Ya fita yana huci, ya ce za a haɗu a taron iyaye.

Kafin taron, mutum biyu sun zauna a kujerar, kuma ina so a san da su. Na farko wani mai walda ne, uban wata 'yar aji uku. In ya tashi daga aiki sai ya biyo da kayan aikinsa a jiki, hannu baƙi ƙirin, Anti ta ba shi farar takarda ya riƙe shafi da ita. Da yatsa yake bin layi, leɓensa na motsi. Ya yi ta zuwa har ya gama. Ranar da ya rufe bangon ƙarshe, ya miƙa wa Anti littafin.

"Anti, gaskiya bai yi mini ba. Mugu ya sha, yarinya ta ɓace, wane irin labari ne wannan? Ni ban son 'yata ta karanta."

"'Yarka ce, Baba. Ba zan ba ta ba sai ka ce."

"Amma fa 'ya'yan wasu ba ni na haifa ba. Ku bar musu abinsu."

Ta biyu wata ma'aikaciyar jinya ce. Ita a zama biyu ta cinye shi, ta ce a cire gaba ɗaya, don ƙaramin ɗanta ya ɗauka a jakar yayarsa ya karanta, yanzu ko shago ba ya yarda a aike shi. Anti ba ta yi musu da ita ba. Ta ɗauki littafin, ta raka ta har ofishin shugaban makaranta, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta karanta, a saurare ta." Da ma a ce haka kowa ya yi, da yau ba ni da abin rubutawa.

Ranar taro babban ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Shugabanmu mutum ne mai son zaman lafiya, irin son da ke sa mutum ya bi duk wanda ya fi ƙarfin murya. Ciyaman ya yi dogon jawabi kan tarbiyya, aka tafa masa. Da aka ba Anti dama, ta miƙe ta gaida iyaye, sannan ta roƙi waɗanda suka karanta littafin har ƙarshe su ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su cika benci biyu ba.

"To waɗannan su yanke," in ji ta. "Cikinsu akwai masu so, akwai masu ƙi. Duk abin da suka ce, na bi."

Ɗaki ya kaure. Wani ya ce raini ne, wata ta ce tun yaushe ma'aikaciya ke kafa wa iyaye sharaɗi. Mai walda ya miƙe zai yi magana, hayaniya ta danne shi. Ciyaman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo gare ta yana murmushi.

"Ba sai mun ja da nisa ba. Faɗa mana amfani ɗaya da littafin nan ya yi wa yaro ɗaya a makarantar nan. Ɗaya tak. In kin faɗa, a gaban kowa zan janye."

Ina kusa da ita. Na ga ta buɗe baki, na ga ta rufe. Ta kalli iyayen nan layi-layi, ta sunkuyar da kai. A raina ina cewa yi magana mana, baiwar Allah, ko 'yan bayan ajin da suka fara karatu ki ambata! Da ta ɗago, abin da ta ce kawai shi ne, "Ba ni da abin da zan faɗa a nan."

Aka yi 'yar dariya. Aka ɗaga hannu, masu cewa a cire suka yi rinjaye nesa ba kusa ba. Shugaba ya ce ta je ta kwaso duk kwafin da ke kanta ta kawo ofis. Sai ta buɗe jaka, ta fito da mukullan, ta taka har gaban babban tebur ta ajiye.

"Ranka ya daɗe, ba zan tare ƙofa ba. Ga mukulli, a shiga a ɗauka. Amma hannuna ba zai sauke littafin da masu korarsa ba su karanta ba."

Satin da ya biyo baya aka mayar da ita ɗakin fotokwafi, wai don a rage mata wahala tunda ritayarta ta kusa. Lungu ne mara taga, in injin ya ɗau zafi sai ka ce gidan burodi. Laburaren kuwa aka damƙa wa wani malami da ke buɗe shi in ya samu sarari, kuma bai cika samu ba. Na yi fushi da hukuma, amma ita ma na yi fushi da ita, don a ganina ta bar mutumin nan ya kayar da ita da tambayar da ɗan aji ɗaya zai amsa. Ita ko a jikinta. Tana zuwa a kan lokaci kamar kullum, tana gaida Ciyaman in ya shigo, ba ta taɓa tsayar da kowa ta yi masa ƙorafi ba. Yara suka gano inda take, suka riƙa kai mata yagaggun littattafansu na aji, tana ɗinkewa a kan murfin inji. Sau ɗaya kawai na ga abin ya taɓa ta. Ta zo wucewa ta ga an bar tagogin laburare a rufe rana tsaka, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta wuce.

Anti, ke ce mai ɗinke abin da wasu suka yaga. Ke ce kika ba mai walda da ma'aikaciyar jinya kujera ɗaya da girma ɗaya, ba ki tambayi wanda zai goyi bayanki ba. Ke ce aka tura lungu kika tafi da kanki a ɗage. Har zuwa ranar taron sallamarki iyakar abin da na sani ke nan, kuma ko da a nan ya tsaya ya isa a yi miki jinjina.

To a ranar ne wata mata da ba mu sani ba ta shigo ta zauna a baya. Bayan an watse na same ta a baranda tana jiran Anti ta gama gaisawa da mutane. Ta ce daga ofishin kula da walwalar yara take. Ganin yadda na cika na batse, ta tambaye ni dalili, na zazzage mata komai, har da tambayar Ciyaman da shirun Anti. Matar ta ce akwai abin da za ta iya faɗa mini, akwai wanda ba za ta iya ba. Tun kafin wancan taron iyaye, wata ɗaliba ta mayar da Mai Jan Bango, ta ƙi tafiya, ta tsaya tana juya shi a kan tebur har ɗakin ya watse. Sannan ta ce, "Anti, in mutum ya faɗa a gida ba a yarda ba, wa zai kuma faɗa wa?" Anti ta tashi ta tura ƙofa, ta zauna ta saurare ta. Washegari Anti da kanta ta je ofishinsu. An bi maganar a hankali, an tabbatar, kuma mutumin da ke damun yarinyar yanzu yana hannun hukuma. Kafin masu hasashe su fara nuna yatsa, ba 'yar Ciyaman ba ce, kuma amininsa ba shi da hannu a komai. Wannan kaɗai ta yarda ta ƙara mini.

Na rasa inda zan sa kaina. Wato lokacin da Ciyaman ke cewa ɗaya tak, amsar tana bakinta.

Bayan kwana biyu na je gidanta. Na same ta a tsakar gida tana yi wa littafin jikarta bango. Ban ko gama gaisuwa ba na faɗa mata abin da na ji. Ta ɓata rai.

"Matar nan bakinta bai da murfi."

"Anti, ba suna za ki faɗa ba. Da kin ce wata yarinya kawai, da magana ta ƙare, da kina ɗakinki har yau."

"Malam, kai fa mai lissafi ne. Iyaye cike da ɗaki, in ce wata yarinya? Kafin su kai gida kowa ya fara tambayar 'yarsa wa ya ari littafin, wa aka gani ta daɗe a wurina, wa ke kuka a aji. Sati ɗaya ya yi yawa, sun gano ta."

"Amma ɗakin da kika yi shekara talatin a ciki..."

"Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu in na farka da safe hannuna mukulli yake nema. Amma ita a makarantar za ta ci gaba da zama, ni kuwa dama tafiya zan yi."

Na ce mata zan rubuta. Ta ce ba ta so. Na ce a wannan karon ba zan ji maganarta ba. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce in dai na sa ko da alama ɗaya da za ta kai ga yarinyar, kar in ƙara taka gidanta. Shi ya sa na jira sai da 'yan makarantar na lokacin duk suka gama suka watse, kuma ban faɗi aji ba, ban faɗi kama ba, ban faɗi lokaci ba. Da na so ma, ba ni da su.

Wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce in wannan ya fita za a kira ni ofis. Na ce masa na san hanyar ofis, ba sai an raka ni ba. Ban rubuta don in ce littafin nan gwani ne ba. Malamin adabi yana nan a kan bakansa, mai walda ma haka, ma'aikaciyar jinya tana da hujjarta, kuma ban ce ɗayansu ya yi kuskure ba, don sun karanta. Da waɗanda suka ɗaga hannu a kan hoton shafi biyu nake. Ku iyaye, abin da ɗanku ya ƙwallafa rai a kai har yake ɓoye shi a ƙarƙashin benci, ku karɓa ku karanta, ku yi musu da shi a kai, ku ji abin da ya gani a ciki. In kun gama kun ce bai dace ba, ku hana, haƙƙinku ne. Mu kuma malamai da masu gadi da masu shara da duk wanda yara ke wucewa ta gabansa kullum, mu koyi tura ƙofa mu zauna mu saurara in yaro ya tsaya ya ƙi tafiya. In kuma ya ba mu amana, mu riƙe, ko da riƙon zai sa a yi mana dariya a bainar jama'a.

Anti, mun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa jikokinki su gaji hannunki. An ce ke mai biyayya ce, ni kuwa na ga ranar da kika ƙi, kuma saboda ranar nan nake cire miki hula.

Yarinyar nan ta zauna a gabana a aji, ko ta wuce ta ƙofar ajina, ban san sau nawa ba. Na raba takardun jarrabawa ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Shugaba bai san ko wace ce ba. Ciyaman bai sani ba. Ni da na rubuta duk wannan ban sani ba. Ta rubuta jarrabawarta cikin 'yan uwanta, ta ɗauki jakarta ta fita ta babbar ƙofa, babu wanda ya juya ya kalle ta.